Shamuwar Ƙofar Gidanmu da Masu Majigi Sunka Harbe

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ban iya magana cikin mutane ba, amma raina ya ɓaci, dole in rubuto.

Wasu baƙi sun zo Argungu ɗaukar hoton majigi. Anka ce labarin soyayya ne irin na littattafan da nike karantawa, saurayi zai harbo tsuntsu ya kai wa budurwa. Har na yi murna. Sun yini a fadama tsuntsaye na tsere musu, sai sunka hango shamuwa bisa tsamiyar ƙofar gidanmu. Ita ba ta gudun mutane, don nan garin babu mai taɓa ta. Zuwanta ke shaida muna damina ta kusa.

Kakata ta fito tana cewa, "Ku ji tsoron Allah, samari, tana da ɗiya cikin sheƙa!" Babbansu ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, wasa ne." Sai ƙarar bindiga. Shamuwar ta faɗo gabanmu tana shure-shure, mai ɗaukar hoto yana ta yabawa wai ya yi kyau.

Malam, wane irin wasa ne da mutuwar gaske? Da tsumma da gashin kaza ba su iya ɗinka tsuntsu? Kuma ba Turawa ba ne, namu ne! Wallahi duk saurayin da ya kawo mini gawar shamuwa, ko gaisuwarsa ba ni amsawa.

Namijin shamuwar ya daina zuwa sheƙar, yayana ya sauko mini da ɗiyan cikin kwando. Don Allah masu sauraro, mi ake ba su? Na gwada tsaki, sun ƙi ci.

Hajaru, daga Argungu.