Manitoba Ta Zaɓe Ni

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Sani ne, injiniyan lantarki, daga Ƙuba a Madina.

Bara na tura takarduna lardin Manitoba na Kanada, inda suke neman masu sana'a. Ranar Talata amsa ta iso: sun zaɓe ni da iyalina, saura biza kawai! Wallahi a tsaye na karanta wasiƙar, har sau uku. Na huta da sabunta iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya!

Na garzaya gida na gaya wa mahaifiyata. Ta ce, "Mabruk, Sani, Allah ya sa albarka. Ni dai a nan Madina nake so a binne ni."

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in tafi in bar Inna wurin ƙanwata, ko in zauna?