Shingen da ya cinye mana tafki

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina gaishe ka da masu sauraro daga wani ƙauye a ƙasar Gagarawa.

Ina da lambu a bakin tafkin garinmu, shanu suka addabe ni da ɓarna. Da na je biki wajen Haɗeja, na ga ciyawar kacala ta yi duhun da saniya ba ta ratsawa. Sai na haƙo saiwarta na dasa a gefen lambuna ta zama shinge, ban gaya wa kowa ba.

Yau ta rufe tafkin. Mun yi gayya mun sare ta, mun banka mata wuta, ta dawo ta fi da. Maƙwabcina Arɗo ya rasa mashaya, ya kwashe shanunsa ya bar garin.

Kwanan baya wasu ma'aikatan gwamnati suka zo da hotunan tauraron ɗan'adam, suka nuna mana yadda kore ke cin ruwan shekara bayan shekara. Ɗigon farko daidai lambuna yake. Mai gari ya dube ni ya ce, "Sannu Malam, ashe kai ciyawar nan ta fara cuta." Na kasa ɗaga kai. Su kuwa suka naɗe takardunsu suka tafi, ba magani, sai ka ce kallo suka zo.

Don Allah masu sauraro, me ke kashe kacala? Mutanen garinmu kuma, yau kun ji, ni ne. Ku yafe mini, ko da yake yafiyar ba za ta dawo da ruwan ba.