Layar Ɗan Ilu

MAI HAƊA WAYA: Kano, ga Jos. Ku yi magana.

ILU: Salamu alaikum. Kantin Alhaji Umar mai fatu ne? Yaya Isyaku nake nema.

ISYAKU: Wa alaikumus salam. Ni ne, Ilu. Ɗaga murya, kamar daga cikin rijiya nake jin ka.

ILU: Ina wuni, Yaya? Ina gajiya?

ISYAKU: Ba gajiya. Ya sanyin Jos? Ya aiki?

ILU: Da godiya. Ya Baba? Ya ƙafar tasa?

ISYAKU: Da sauƙi.

ILU: Gwaggo fa? Da mutanen Dukawuya duka?

ISYAKU: Kowa lafiya. Ba ka tambayi matarka ba.

ILU: Kunya ce, Yaya. Direban da ka ba saƙo cewa kawai ya yi in buga waya. Lafiya?

ISYAKU: Luba ta sauka. Namiji.

ILU: Na gode wa Allah. Ita lafiya? Shi fa?

ISYAKU: Lafiyarsu ƙalau. Suna ranar Talata. Baba ya yanka jar fata ya ajiye, malam ya yi rubutu. Saura kai. Ka san gidanmu na dukawa, uba ne ke ɗinka wa ɗansa layar farko da hannunsa.

ILU: Na sani.

ISYAKU: To, ka shigo jirgin ƙasa ka taho... Ilu? Wayar ce ta ɗauke, ko kai ne ka yi shiru?

ILU: Ni ne. Yaya, zan zo. Amma ba zan ɗinka ba.

ISYAKU: Ashe gaskiya masu haƙar kuza suka faɗa. Sun ce ka daina yi musu layu, sai takalma da jakunkuna, kana shiga ɗakin 'yan mishan. Na rantse wa Baba cewa ƙarya suke maka.

ILU: Ba ƙarya ba ce. Almasihu nake bi. An yi mini baftisma da damina.

ISYAKU: Sassauta murya, akawun Alhaji na kusa da ni.

ILU: Kai ka ce in ɗaga. Yaya, da ka ga duwatsun ƙasar nan, wani a kan wani, ba ƙasa ba yumɓu, an ɗora su sun zauna. Wanda ya yi wannan, ya rataye taurari ba igiya, shi zan ce wa na tsare yaro da zarena?

ISYAKU: Kai za ka koya mini girman Allah? Da shi nake buɗe baki kowace asuba. Wa ya ce maka zare ke tsarewa? Sunansa ne a ciki.

ILU: Ban ce ba ka sani ba. Zuciyata nake faɗa maka. A da, in na manta layata a ɗaki, dole in koma in ɗauko ta. Masu shiga ramin kuza kuma, ɗinkina suke shafawa kafin su sauka. Da na san wanda ya ba da ransa domina, sai na ga ba zan kira shi Ubangiji ranar Lahadi ba, in koma ɗinkin layu ranar Litinin kamar ba abin da ya faru.

ISYAKU: Ba wa'azi na rufe rumfa na zo ji ba. Ba wanda zai tsaga ƙirjinka. Hannunka kawai muke so, hantsi ɗaya, a zaure, a gaban mutane. Ka ɗinka, ka ci tuwon suna, ka koma dutsenka ka yi abin da ka ga dama.

ILU: In yi ƙarya a wuyan ɗana ke nan.

ISYAKU: In ka ƙi fa, ka ji sauran. Mahaifin Luba ya ce da ta yi arba'in zai je gaban alƙali. Ba aure tsakaninta da wanda ya bar addini. Yaron kuma a gidanmu zai tashi, ba za ka gan shi ba.

ILU: Ita me ta ce?

ISYAKU: Wa zai tambayi mai jego? Gwaggo dai ta ce duk sallamar da aka yi a zaure sai Luba ta ɗaga kai.

ILU: Yaya, ka roƙar mini Baba. In zo in tsaya ko a bakin Ƙofar Na'isa, a miƙo mini shi in gani.

ISYAKU: Za ka ɗinka?

ILU: ...A'a.

ISYAKU: To kada ka ɓata kuɗin jirgi. Ni zan ɗinka.

ILU: Kai? Ai baffa ba ya ɗinka wa kowa sai maraya.

ISYAKU: Na sani, Ilu. Ni ma a gidan aka haife ni.

MAI HAƊA WAYA: Lokaci ya cika. Za a ƙara?

ILU: Dakata, malam. Yaya, wane suna za a...

ISYAKU: Ba za a ƙara ba.