Kuɓewar da na shanya a kan sola

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Hajara, ina sayar da ɗanwake a wata firamare a Kwali.

Da aka kawo wa makarantar sola, Malama Rifkatu mai koyar da kimiyya ta roƙa aka kafa faranti ɗaya ƙasa-ƙasa, don yara su gani su taɓa. Ni karatun allo na yi, ban san aikinsa ba. Na ga wuri mai tsabta da kaji ba sa kaiwa, sai na shanya kuɓewata a kai tun Juma'a, na kwashe da sassafen Litinin. Ashe na tare wa batirin rana.

Ranar Litinin ɗin iyaye suka zo kallon darasi. Malama ta kunna fanka, shiru. Hedimasta ya ce mata a gabansu, "Yaranki sun lalata shi. A mayar da shi kan rufi."

Na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ki yi shiru, kar oga ya kore ki."

Ita ta yafe, amma haƙƙin yaran yana wuyana. Masu sauraro, ta ina zan fara wa hedimasta bayani? Zuwa dai kam, gobe zan je.