Matan da Suka Kwashe Mini Atamfa

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Sanusi mai atamfa daga Gummi.

Ranar kasuwa wasu mata uku suka shigo shagona. Ɗaya ta yanke jiki ta faɗi. Ina neman ruwa, sauran suka kwashe turamen atamfa. Ashe haka suke yi har Anka da Bukkuyum.

Na ce ba zan je wurin 'yan sanda ba, wahala ce kawai. Inna ta ce, "Tashi ka je, shirunku ne ke sa su dawowa."

Na je na kai ƙara. Bayan kwana biyu aka kama su a tasha, aka mayar mini da kayana, ba a nemi komai ba. Alhamdu lillahi.

A gaida mini Inna, ta fi ni gaskiya.