Tukunyar Mama Hosana

A wata rumfar masu zuba tukwane a Nasarawa Gwom, wata mata ta iso tana haki, ta tsaya kan mai narka gwangwanaye.

"Malam, dakata da wutar nan! 'Yan bola jari sun ce kai suka kawo wa tukunyata makon jiya."

"Madam, ai kayan makon jiya sun zama ruwa."

"Wayyo Yesu! Ina tafiya oga, maigidana, ya ba su, wai tana yoyo. Ta marigayiya mamata ce fa, a ciki take yi mana gwate."

"Mai kunne ɗaya? An rubuta Hosana a gindinta?"

"Ita ce!"

"To zauna ki sha ruwa, ga ta can cikin yashi. Wa zai narka ƙirar da? Da ita nake fitar da siffa in zuba sababbi. Waɗannan na jere duk 'ya'yanta ne."

"Na gode wa Allah! Miƙo min ita."

"In toshe miki hujin?"

"Toshe. Ka kuma sayar min da ɗaya cikin 'ya'yan. Tunda oga ya ce uwarsu shara ce, daga yau a ta gwangwani zan dafa nasa."