Ɗakin da Inna Ke Sharewa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. A gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto muku. Ni ɗalibar sakandare ce daga Kebbe.

A hutun da ya wuce na raka Innarmu Alƙahira, domin matar yayana Bello ta haihu. Yaya ba ya zuwa ofis. A ɗaki yake aiki da kwamfuta, masu kamfanin kuma suna wata ƙasa. Bayan la'asar sai ya rufe ta ya fita da mu yawo. Na ga dalar Fir'auna, na shiga jirgin ruwa a Kogin Nilu ina ƙanƙame da hannun Inna saboda tsoro.

A cikin jirgin Inna ta ce masa, "Bello, wanga aiki naka da ba ya da ofis, mi zai hana ka yi shi gida?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, ku samo mini wuta da netwok, gobe in taho."

Wasa yake yi, amma Inna ta riƙe maganar. Da muka dawo ta sayar da tumakinta ta sa sola a ɗakinsa na gida, kowace safiya kuma takan share shi. Kullum da yamma takan ba ni waya in zagaya gida in nemo inda netwok ya fi ƙarfi. Ni ma ina kewarsa ƙwarai. Sai dai a filin jirgi ya faɗa mini ba zai dawo nan kusa ba.

Malam, in gaya mata, ko in bar ta ta ci gaba da share ɗakin? Idan na samu ƙarfin zuciyar faɗa mata, ku yi mini izini in sake rubuto muku.